Ci-rani Za Ka Je Ko Ƙaura Za Ka Yi?

Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikacin jinya ne a nan Kaduna, shekarata 35, shekara tara ina aiki. Ina da mata da yara uku, ga mahaifiyata a hannuna tun rasuwar Baba. Albashi ba ya kai mu ashirin ga wata. Na yanke shawarar fita waje, kuma ba fitar shekara ɗaya ko biyu ba, so nake yarana su tashi inda karatu da magani ba sa gagarar talaka. Yayan matata da ke Jidda ya ce in shigo da bizar umara, in na iso zai san yadda za a yi. Abokin karatuna da ke Ingila ya ce in nemi digiri na biyu. Wani ejan ya ce in kawo naira miliyan 12 ya samo mini takardar aikin kula da tsofaffi a Ingila cikin wata biyu. Wasu sun ce in bi ta jarrabawa, amma an ce tana cin shekara. Kuɗin da zan iya samu na filin da Baba ya bar mana ne a Rigasa, ni da ƙannena mata biyu, kuma sun ce sun yarda a sayar. Hajiya ta fi son Saudiyya, maiɗakina ta fi son Ingila, ni kuma barci ya gagare ni. Wace biza zan nema?

Abban Khalifa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Baba, Ya bar mana Hajiya cikin lafiya.

Ka tambaye ni biza, amma gardamar da ke gidanka ba ta kai ga biza ba tukuna. Mutanenmu na da sun raba tafiya gida biyu. Akwai ci-rani: an kai hatsi rumbu, namiji ya ɗaure ƙunshinsa ya yi kudu, ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, hadarin farko na haɗuwa ya juyo gida da abin da ya tara. Akwai kuma ƙaura, wadda ake ɗora turmi da taɓarya a mota, a sallami maƙwabta, a yafi juna. Da Hajiya ta ce Saudiyya, ci-rani take nufi, don ta san ƙasar ba ta riƙe baƙo, ɗanta zai dawo. Da maiɗakinka ta ce Ingila, ƙaura take nufi. Kai kuma ka rubuto mini da bakin mai ƙaura alhali uwarka na hannunka. Abin da ya hana ka barci ke nan. Bizojin ma haka aka ƙera su. Wata ko ka shekara talatin da ita baƙo kake, wata tana girma har ta zama takardar zama na dindindin, wata kuma ta ziyara ce kurum. Sannan kowacce akwai wanda ke riƙe da akalarta, kuma sai ka san ko wane ne kafin ka hau.

Bari in fara da ta umara, don ita ce ta fi kama da alheri. Wa'adinta kwana 90, ba a aiki da ita, kuma ba asibitin kirki da zai ɗauki mai jinyar da ba shi da iƙama, wato katin izinin zama, da lasisi. Rana ta 91 ka zama takari, wato mai zama ba takarda. A unguwarmu akwai wani dattijo tela da muke sallar asuba sahu ɗaya. Da umara ya shiga tun yana saurayi, ya yi sama da shekara ashirin a Shara Mansur a Makka, yana da keken ɗinki uku da yara masu yi masa aiki. A kamen 2013 ya fito sayen burodi da safe, da silifas da jallabiyar barci, aka yi awon gaba da shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Da wannan jallabiyar ya sauka Kano, da leda ɗaya a hannu. Kekunan na can, kuɗin da yake bin mutane na can, don wanda ba shi da takarda ba ya kai ƙara. 'Ya'yansa sun biyo baya, Larabci a bakinsu kamar ruwa, amma ba takardar haihuwa, ba ta makaranta. Har yau in motar 'yan sanda ta gifta a titin Ahmadu Bello sai ka ga ya ja da baya ya raɓe jikin shago. Shi ma a zamanin da ake iya ɓuya ya yi. Yanzu tun a filin jirgi ake ɗaukar hoton yatsunka, layin waya da asusun banki da hayar ɗaki duk da lambar iƙama ake yin su. Ka tambayi surukin naka cikin ladabi, shi da wace takarda yake zaune? Ka kuma tuna masa hukuma na hukunta wanda ya ɓoye takari ko ya ba shi aiki. In yana son taimakonka da gaske, ya nemo maka sunayen asibitocin da ke ɗaukar ma'aikata.

Ejan mai miliyan 12 kuwa, ka goge lambarsa yau. Tun ranar 11 ga Maris 2024 Birtaniya ta hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da mata da yara, sannan ranar 22 ga Yuli 2025 ta rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Ƙofar da aka toshe yake sayar maka da mabuɗinta. Ita takardar aikin da suke kira CoS ma ba takarda ba ce da ake riƙewa a hannu, lamba ce da mai ɗaukar aiki ke fitarwa a kwamfuta, kuma doka ta hana shi ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Kafin a rufe ƙofar mutanenmu da yawa sun biya, sun sauka Landan ko Manchesta, suka tarar kamfanin ba shi da aikin ba su, ko an ƙwace lasisinsa. Wanda hakan ta faru da shi kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗauka ko ya fita. Na san irin ofisoshin nan: bene na biyu, labule mai kauri, hoton jan bas na Landan a bango, sakatariya na ce maka Oga yana kan layi da Ingila. Ba a ba da rasit, sai dai "ai mu 'yan'uwa ne". Wata uku ka koma ka tarar da mai gyaran waya a shagon.

Shawarar abokinka ta karatu ba ta yaudara ba ce, sai dai ba taka ba ce. Shi wataƙila ya tafi kafin 2024. Daga 1 ga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Za ka biya kuɗin makaranta da fam, ka nuna kuɗin zama a banki, ka biya harajin lafiya, sannan awa 20 kacal a mako aka yarda ka yi aiki lokacin karatu. Bayan kammalawa ana ba da shekara biyu ta neman aiki, ita ma za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Kuma shekarun nan ba sa shiga lissafin shekara biyar ɗin da ake ƙirga wa ma'aikaci kafin a ba shi zama na dindindin. Wato ka sayar da filin marayu, ka bar iyali a Tudun Wada, don ka sayi damar neman aikin da za ka iya nema daga nan kana kan albashinka. Wannan hanyar ta saurayi ce mai uba da kuɗi, ko wanda ba shi da sana'a a hannu.

Kai kana da sana'a, kuma ita ce abin da ka fi rainawa a wasiƙarka. Ka sa ta a ƙarshe, ka ce "tana cin shekara". To ta ci mana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hanyoyi biyun da suka rage duk ta jarrabawa suke bi.

Ta Saudiyya ita ce bizar aiki, wadda ke zama iƙama in ka isa. Hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a can, SCFHS, za ta sa a tantance takardunka ta DataFlow, wato a tuntuɓi makarantarka da majalisar jinya ta Najeriya da inda ka yi aiki a tabbatar ba na jabu ba ne, sannan ka rubuta jarrabawar Prometric. Daɗinta a fili yake. Ba a cire harajin albashi, asibitoci da yawa na ba da ɗaki da tikitin hutu, jirgi daga Kano bai kai awa shida ba, ga Harami kusa, ga kiran salla sau biyar. Kana iya nema wa Hajiya bizar ziyarar iyali ta zo ta yi ibada ta koma.

Amma ka san akalar iƙama a hannun kafili take, wato wanda ya ɗauke ka aiki. Gyaran da aka yi a Maris 2021 ya sassauta: ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, yana iya neman fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher. ('Yan aikin gida da direbobin gida ba sa cikin gyaran, shi ya sa nake ce wa iyaye su yi hattara da masu kwasar 'yan mata.) Duk da haka ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare, in ba ka sami wani kafilin ba. In kuka saɓa ka daina zuwa aiki ya kai rahoton hurub, wato ka gudu, ka koma sahun telan unguwarmu. Ɗan da aka haifa maka a Riyad ɗan Najeriya ne, kuma namiji in ya girma ya gama karatu sai ya nemi nasa kafilin. Akwai takardar zama marar kafili da suka fito da ita a 2019, riyal 800,000 a dunƙule ko 100,000 duk shekara, ka ga ba da mu ake ba. Ga kuma lissafin da ejan ba ya faɗa: ma'aikacin kamfani mai zaman kansa na biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mata da yara uku riyal 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara, ba a zo kan haya da kuɗin makaranta ba. Don haka in kwantiragi ya zo, abu uku za ka fara dubawa kafin albashi: asibitin na gwamnati ne ko na kuɗi, kwantiragin na mai iyali ne ko na gwauro, kuma wace sana'a za a rubuta a iƙamar. Kada ka yarda a rubuta maka lebura ko direba da alkawarin "za a gyara in ka zo". Abin da ke jikin katin shi ne kai.

Ta Ingila ita ce bizar ma'aikatan lafiya, a matsayinka na cikakken nas mai rajista, ba mai kula da tsofaffi ba. Wannan ita ce ta ƙaura. Nas har yanzu yana tafiya da matarsa da yaransa, matar na iya aiki, yara na shiga makarantar gwamnati kyauta, kuma an yafe masa harajin lafiyar da sauran ma'aikata baƙi ke biya, fam 1,035 kan kowane babba duk shekara. Bayan shekara biyar ana neman zama na dindindin, shekara guda bayan nan a nemi zama ɗan ƙasa. A Mayun 2025 gwamnatinsu ta fito da shirin mayar da biyar ɗin goma ga baƙi da yawa, saboda haka ranar da za ka nema ka karanta ƙa'idar da idonka a shafin gwamnati na gov.uk, kada ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp.

Matakan ba ɓoyayyu ba ne. Majalisar jinyarsu, NMC, na son jarrabawar Turanci: IELTS da maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu, ko OET da B uku da C+ a rubutu. Sai jarrabawar kwamfuta da ake yi a nan gida, sai ta gwajin aiki, OSCE, da ake yi a can. Ka zauna ka rubuta da kanka. A 2023 an gano maguɗi a wata cibiya a Ibadan, aka soke sakamakon duk wanda ya rubuta a wurin, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, wasu suna can sun riga sun fara aiki. Wani abin da ya kamata ka sani: Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a nan. Kai da kanka za ka ga talla ka nema, wannan an yarda. Duk wanda ya ce maka shi wakilin NHS, hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya, ne a Kaduna, ka san da wa kake magana. Sunayen masu lasisin ɗaukar baƙi na nan a shafin gov.uk, kyauta ake dubawa. In aiki ya samu sai ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar ƙaura ta duniya.

Kada in yi maka hangen Dala. Ɗaukar ya ja baya ba kamar shekarun bayan korona ba, kana iya aika takarda hamsin shiru. Haya na cinye albashi, bizar ba ta ba ka damar tallafin gwamnati, ba ƙanwa ba kaka da za a bar wa yara in kuna aikin dare, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma a hunturu. Mace ɗaya dokarsu ta sani, in kana da wani buri a zuci. Sannan babbar magana: Hajiya ba za ta biyo ka ba. Bizar ɗauko iyaye su zauna tana nan a rubuce, amma tun 2012 aka tsaurara ta har ta kusa zama babu. Sai dai ziyara.

Kanada ba ka ambace ta ba, amma a takarda ta fi duka dacewa da mai ƙaura. Tsarin Express Entry takardar zama na dindindin yake bayarwa tun ranar sauka, ba kafili, har da iyali, kuma bayan kwana 1,095 a cikin shekara biyar ana neman zama ɗan ƙasa. Da maki ake shiga, makin shekaru kuma daga 30 yake fara zubewa, ga kuɗin da za ka nuna a banki, ga lasisin jinya da kowane lardi ke bayar da nasa daban. Ka sa ta a ido. Cacar bizar Amurka kuwa tun ta 2015 aka cire Najeriya, duk mai karɓar kuɗinka ya cike maka ita ɓarawo ne.

Yanzu filin. Ƙannenka sun ce sun yarda, na ji. Ƙanwa ba ta iya kallon idon yayanta, wanda ya zama uba, ta ce a'a. Rabin filin nasu ne bayan an fitar da tumunin Hajiya, kuma shi ne abin da za su jingina da shi ranar da aure ya yi tsami, Allah Ya kiyaye. Hanyar jarrabawa ba ta cin kuɗi a dunƙule, kaɗan-kaɗan take ci: yau kuɗin Turanci, bayan wata uku na tantance takardu. Adashi biyu da aikin dare a asibitin kuɗi na iya ɗaukarta. In ta kama dole sai an taɓa filin, a raba gado tukuna a gaban malami da shaidu, ka sayar da rabonka.

Ka ce in zaɓa maka. Da ni ne kai, da bizar aiki ta Saudiyya zan fara, ni kaɗai, kwantiragin shekara biyu, ina sane ci-rani na je. Iyali su zauna da Hajiya, riyal na shigowa, ana ajiye wani kaso da sunan ƙaura ba a taɓawa ko bikin wa ake. Shekarun aikin can suna ƙara wa takardunka nauyi, kuma da kuɗin za ka biya jarrabawar Ingila ko Kanada ba ka ci gadon kowa ba. Jarrabawar Turancin shekara biyu take aiki, kada ka rubuta ta sai ka shirya amfani da ita. Wannan zaɓin na da tsadarsa, ba zan ɓoye maka ba: shekaru na tafiya, dokokin Ingila kullum ƙara tsuke su ake yi, kuma maiɗakinka za ta riƙe yara uku da suruka ita kaɗai. Ba abin da ta roƙa ba ke nan. Ka zaunar da ita ka faɗa mata haka da bakinka, da wa'adi, da lissafi a takarda, ka kuma saurare ta. In ta ce ba za ta iya ba, maganarta hujja ce, sai ku karkata ga Ingila kai tsaye, ku zauna da ƙannenka a san wanda zai riƙe Hajiya.

Kowacce ka ɗauka, aikin wannan makon ɗaya ne. Ka zazzage takardunka a kan tabarma: fasfo, katin NIN, shaidar makaranta, lasisin jinya. In wani ya ce Muhammad, wani Mohammed, wani ya sa sunan garinku a ƙarshe, ko ranar haihuwa ta bambanta, ka fara gyarawa, don irin wannan ƙaramin abu na tsayar da mutum wata da watanni. Ka karɓo wa yara takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ka nemi shaidar aure a rubuce, goro da alewar ɗaurin aure ba sa shiga fayil. Kada ka ajiye aikinka sai biza ta fito ka gan ta da idonka.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata filin Baba na nan ba a sayar ba.

Kawu